Layi Ɗaya

Shekara goma sha tara ina buga masa rubutu
a shagona da ke bayan Kasuwar Barci,
janareta na tari, shi yana gyara mini wasali.
Malam Tasi'u Ɗan'iya,
mai "Tsani Bakwai na Natsuwa",
wanda ake shimfiɗawa a gindin gadar Kawo
tsakanin mai rake da mai cajin waya.

Bayan sadakar arba'in ɗansa Mujittaba ya zo da ambulan.
"Rubuta tarihin Baba.
Batun aure kuwa, layi ɗaya ya isa:
ya yi, Allah ya sa albarka."
Na karɓa. Amma alƙalami ɗan gardama ne,
da safe na tsinci kaina a cikin Keke Napep.

Kakuri. Talatu, ta fari,
tana tsince shinkafa,
ƙofarta na kallon katangar masaƙar da aka rufe.
"Da albashina na can aka buga littafin farko."
Na karanta mata babi na uku:
tukunya in ta tafasa, sauke ta kafin ka ɗanɗana.
Ta yi dariya har faifai ya karkace.
"Maganata ce, ranar da ya fasa mini fitila.
Ashe ya rubuta.
Da ma saukewar ya yi."
Shekara shida. Ba ta ce saki ba,
cewa ta yi, "Mun gaji."

Unguwar Rimi. Sa'adatu, malamar jinya mai ritaya,
ta dube ni kamar za ta ɗebi jinina.
"Zaure cike har sha biyun dare,
yana ɗinke auren mutane kamar tela ana gobe Sallah.
Rannan na sa hijabi na bi layi.
Da aka zo kaina, bai ko ɗago ba:
'Baiwar Allah, me ke tafe da ke?'
Washegari na haɗa akwati."
Ta zuba mini zoɓo, ta yi shiru, can ta ce,
"Rubuta kuma shi ya karantar da ƙannena uku
bayan na tafi. Kar ka bar wannan."

Ta uku ba a yi mata tambaya,
tana maƙabartar Tudun Wada.
Barira. Wata takwas.
A shekarar ya kawo mini shafi tara
babu nasiha ko ɗaya,
sai yadda take hura shayi,
sai takalminta da ya hana a ɗauke daga bakin ƙofa.
Na buga. Ya karanta a tsaye ya ce, "Goge."
Allah ya yafe mini, ban goge ba.

Rigasa. Uwani, wadda ta rufe masa ido.
"A ƙarshe barci ya ƙaurace masa,
mantuwa ta ci sunayen 'ya'yansa.
In jirgi ya yi kuka sai ya firgita ya riƙe zanena,
ni kuma in ɗauko littafinsa in karanta masa.
Ya kasa kunne, ya ce,
'Wa ya rubuta wannan?
Da ma na haɗu da shi ina saurayi.'"

Da na taso hadari ya haɗu,
kogi ya cika ya yi ja,
direba na faɗa da fasinja a kan canji.
Mutum dubu nawa suka hau tsanin nan suka huta,
mai tsanin yana ƙasa, riƙe da shi?

Yanzu ƙarfe tara. An kawo wuta.
Mujittaba ya kira sau uku ban ɗauka ba.
A kan allo na buga "Ya yi aure",
ɗan sandan nan yana ƙiftawa yana jira,
kamar yadda Malam kan tsaya a bayana
ya ce, "Sabi'u, akwai wasalin da ka ci."